Rumfar Biki: Asalinta, Ire-irenta da Yadda Ake Kafa Ta a Greensboro

Rumfar biki ita ce inuwar da ake kafawa ta ɗan lokaci a ƙofar gida ko a fili, domin ta ɗauki jama'ar da cikin gida ba zai iya ɗauka ba. Ana kafa ta ranar ɗaurin aure, ranar suna, walimar saukar karatu, Mauludi, da zaman makoki. A nan Greensboro, daga watan Afrilu zuwa Oktoba, da wuya wata ya wuce ba a kira matasa an ce su zo su taimaka da kafa rumfa ba, kuma tambayoyin da ake yi kusan iri ɗaya ne kullum: wace iri za a ɗauko, mutum nawa za ta ɗauka, a ina aka yarda a kafa. Shi ya sa na tattara abin da ya kamata mai biki ya sani a wuri guda, tare da ɗan tarihin abin, don yaranmu da aka haifa a nan su san ba daga kamfanin haya aka fara ba.

Sunayenta

Hausa tana da kalmomi da dama a kan wannan abu, kuma ba ma'anarsu ɗaya ba. Rumfa, wasu su rubuta runfa, rufi ne a kan dirkoki, gefenta a buɗe, iska na shiga ta ko'ina. Bukka kuwa a rufe take, ta kara ko ta ciyawa, ana kwana a ciki. Laima yau mun fi saninta da abin tare ruwa ko rana da ake riƙewa a hannu, da kuma babbar nan da ake riƙa wa sarki, amma asalin kalmar daga Larabci ne, haima, wato tanti, kuma a tsohuwar Hausa laima tana nufin tantin ma. Akwai alfarwa, ita ma tanti ce, sai dai yanzu an fi cin karo da ita a littafi. Tanti daga Turanci muka ara. A zangunan Gana kuwa, daga Nima har Aboabo, idan ka ce rumfa za a gane, amma abin da ke bakin kowa shi ne kanopi. A wannan rubutu zan riƙa cewa rumfa ga mai buɗaɗɗen gefe, tanti ga wanda aka kewaye da bango na tamfol.

Rumfa a ƙasar Hausa

Wanda ya san fasalin gidan Bahaushe ya san dalilin rumfa. Cikin gida na mata ne. Baƙo namiji iyakarsa zaure, kuma zaure komai girmansa ba ya ɗaukar mutanen ɗaurin aure. Don haka ranar taro maza suna ƙofar gida, mata suna tsakar gida, kowane ɓangare yana buƙatar inuwa. Idan akwai darbejiya ko ceɗiya ko durumi a ƙofar gidan, to an huta. Idan babu, sai rumfa.

Yadda ake yin ta a gargajiyance ba wuya. A haƙa ramuka, a kafa dirkoki masu baki biyu, a gitta itatuwa a kai, a ɗaure da igiyar rama ko ta kaba, sannan a shimfiɗa zana ko karan dawa a bisa. Zana da gamba ake saƙa ta. A ƙasa a yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, a baza tabarmi, a ajiye buzu ko darduma inda liman da waliyyai za su zauna. Rumfar zana tana da wani abu da tamfol ba shi da shi: zafi yana fita ta ƙofofin saƙar, shi ya sa ko a bazara za ka tarar da ƙarƙashinta da sanyi-sanyi. Aibinta biyu ne, ba ta tare ruwan sama sosai, kuma wuta ba ta yi mata da wasa. Wadda ake bari dindindin a ƙofar gida ko a kasuwa, bisanta kan zama wurin jibge harawa, ƙaiƙayi, tsofaffin kwanduna da duk abin da aka rasa inda za a kai. Daga nan aka samo kirarin rumfa sha shirgi, wanda ake yi wa mutumin da kowa ke kawo wa nauyinsa yana ɗauka.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne aikin da rumfa take yi ban da inuwa. Ita ce sanarwa. Mai wucewa ya ga rumfa da tabarmi a ƙofar gida ya san akwai sha'ani, kuma ba ya buƙatar kati kafin ya tsaya ya yi barka ko ya yi gaisuwa. Ba ta da ƙofa balle a tsayar da mai gadi. Almajiri, maroƙi, maƙwabci da attajiri duk ƙarƙashinta suke karɓar goro da alawa. Kuma ɗaurin aure a wurinmu abu ne da ake son a bayyana shi a gaban shaidu, to ba inda ya fi bayyana kamar bakin hanya. Rumfar da aka yi farin ciki a ƙarƙashinta yau, ita ce gobe za a zauna karɓar gaisuwar rasuwa, na kwana uku ko bakwai. Ba a ware wata ta daban don baƙin ciki.

Daga zango zuwa kanopi

Mu 'yan zango sunanmu ma daga masauki ya fito. Zango shi ne inda ayarin fatake yake sauke kaya ya kwana a hanyar Gwanja, lokacin da ake kai kanwa, tufafi da fatu daga Kano da Katsina da Sakkwato, a dawo da goro. A kowane zango bukkoki da rumfuna ake kafawa, a kwana, a tashi a bar su. Salaga ce babbar kasuwar goro a wancan zamani, kuma bayan yaƙin basasar da aka yi a can a 1892 'yan kasuwa da malamai suka watsu zuwa Kete-Krachi, Kintampo, Kumasi da Akra. Masaukin kwana biyu ya zama unguwa, bukka ta zama gidan kwano.

A waɗannan unguwanni gida ɗaya iyalai da yawa ke zaune a ciki, tsakar gidan kuma ƙarama ce. Biki ba shi da wurin zuwa sai titi. Wanda ya tashi a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango ya san yadda ake yi: tun da asuba a ji ƙarar ƙarfe, motar masu kanopi ta sauke bututu da tamfol, matasan layi su haɗa, a jera kujerun roba, a gitta benci a bakin hanya, masu mota su nemi wata hanyar. Kanopi huɗu ko shida a jere, ana barin fili a tsakiya don masu kiɗa da masu liƙi. Maƙwabtanmu Asante suna da tasu ƙa'idar launi, ja da baƙi na makoki ne, don haka mai aure yakan nemi fari ko shuɗi. Sarkin zango idan ya zo, laimarsa daban take, ana riƙe masa ita har ya zauna. Tamfol da bututun ƙarfe baƙin abu ne, amma tsarin zaman bai sake ba: maza gefe, mata gefe, kowa na iya shigowa.

Masu tantin biki na asali

Gaskiya Bahaushe bai yi suna da ƙawata tanti ba, adonsa a jikin gini da tufafi yake. Waɗanda tanti ya zama musu al'ada mai zurfi su ne maƙwabtanmu na arewa, kuma da yake a garin nan muna cuɗanya da su, yana da kyau a sani.

Na farko Abzinawa. A wurinsu tanti na mace ne. Ana kiransa ehan, kuma kalmar ba ta tsaya ga tantin kawai ba, ta haɗa da aure da iyalin da ke ciki. Idan yarinya za ta yi aure, mahaifiyarta da 'yan uwanta mata su ne suke haɗa mata tanti. A wasu yankuna na fatun awaki ko tumaki ne da aka jeme aka ɗinka da yawa wuri guda, aka shafe da jar ƙasa. A duwatsun Abzin, arewa da Agadas, an fi yin na tabarmin kaba da ake lulluɓawa a kan itatuwa da aka lanƙwasa. Tsofaffin mata na dangin amarya su ne ke kafa tantin aure, kuma a wasu wurare ana kwance shi a sake kafawa a kwanakin bikin, kowane karo ya ɗan fi na baya girma, har ya kai cikakken ɗaki. Ango shi ne yake shigowa tantin matarsa. Idan aure ya mutu, shi ne zai tattara ya fita, ita tana nan da tantinta, ko ta naɗe abinta ta koma wurin iyayenta. Wanda ya taɓa zuwa taron makiyaya na Ingal, da ake yi a ƙarshen damina wajen watan Satumba, ya ga irin waɗannan tantuna. Ni dai a duk al'adun tanti wannan ta fi burge ni, domin sauran ana kafawa ne don baƙi a kwance bayan biki, wannan kuwa a cikinsa auren zai zauna.

A Maroko akwai babban tantin nan na sarauta, mai tsini a sama. Wajensa fari ne da jerin zane baƙaƙe masu siffar fitila, cikinsa kuma an lulluɓe shi da ƙyalle ja da kore, wani da ruwan zinariya. Da na sarki ne da hakimansa idan sun fita rangadi, yanzu ana hayarsa don aure da bukukuwan sukuwar dawaki. A Masar akwai sana'ar hayamiyya, wato ɗinkin ƙyallen tanti da hannu, ana yanka ƙananan ƙyallaye masu launi ana ɗora su a kan babban zane su ba da fure ko tauraro ko rubutu. Masu sana'ar suna da titinsu a tsohuwar Alƙahira, kusa da ƙofar Bab Zuwaila, a wata rufaffiyar kasuwa da Ridwan Bey ya gina wajen 1650. Da irin wannan ƙyalle ake kewaye titi a yi aure, ko makoki, ko shan ruwan azumi na jama'a, ko da yake yau mafi yawan abin da ake kafawa na bugun inji ne. 'Yan uwanmu na Sudan suna kiran babban tantin taro siwan, rumfar ciyawa kuma rakuba. Mutanen Indiya da Pakistan suna da shamiyana, mai shimfiɗaɗɗen rufi da launuka masu haske.

A Greensboro

Greensboro tana gundumar Guilford a jihar Karolina ta Arewa, mutanenta sun kusa 300,000 a ƙidayar 2020. Tana cikin biranen Amurka da 'yan Nijar suka fi taruwa, Zabarmawa da Hausawa, ga 'yan Gana, 'yan Najeriya, 'yan Togo da 'yan Sudan. Bikin ɗayanmu na kowa ne, kuma nan matsalar take. Zauren haya yana da adadin mutanen da hukuma ta ƙayyade masa, a rubuce a bango, yana da lokacin tashi, wani ma ba ya yarda a shigo da abincin waje. Mu kuwa ba mu iya ƙidaya baƙi ba. Ka gayyaci mutum ɗari, ɗari biyu da hamsin su zo, har da na Charlotte da Raleigh, kuma ba wanda za ka iya kora. Rumfa ce take ba mu damar yin biki irin na gida. Sai dai a gida maƙwabta da mai unguwa kawai ake sanar wa. A nan sai an yi la'akari da abin da ke ƙarƙashin ƙasa, da iska, da dokar gobara, da mai filin.

Iri uku ake samu. Akwai ƙaramar nan mai naɗewa, ƙafa 10 tsawo 10 faɗi, wadda ake saye a shago, mutum biyu su buɗe ta cikin minti biyar. Tana da amfani a kan teburin abinci ko wurin masu lalle, ba a tara jama'a da ita. Akwai mai ginshiƙi a tsakiya, wadda igiyoyi da turaku ne suke riƙe ta. Ta fi kyan gani kuma takan fi araha, amma sai a kan ciyawa ko ƙasa, kuma igiyoyinta suna cin ƙarin fili kamar ƙafa biyar ko fiye a kowane gefe. Sai mai firam na ƙarfe, wadda take tsayuwa da ƙafafunta ba ginshiƙi a tsakiya. Ita ce ta fi kama da kanopin gida, kuma ita ake iya kafawa a kan kwalta ko siminti, kamar filin ajiye motoci, idan an danne ƙafafun da manyan tubalan kankare.

Lissafin girma ba wuya. Masu haya sukan ware wa mutum ɗaya kimanin murabba'in ƙafa 8 idan kujeru ne a jere, 12 idan da teburi masu zagaye. Ke nan rumfa mai 20 da 20 tana ɗaukar mutum 50 a jere, ko wajen 32 a teburi. Mai 20 da 40 tana ɗaukar 100 a jere, ko 64 a teburi. Mai 40 da 60 tana ɗaukar 300 a jere, ko 200 a teburi. Wannan lissafi bai haɗa da teburin abinci, kujerar ango da amarya, da filin rawa ba, kuma shawarata ita ce duk abin da lissafi ya ba ka, ka ɗauki ta gaba da shi, domin babbar riga da goggoro ba a yi su don kujera ta matsu da kujera ba. Idan za a yi salla a ciki, mai salla yana buƙatar kamar ƙafa 2 faɗi da 4 tsawo. Alƙibla daga Greensboro arewa maso gabas take. Idan filin ya ba da dama, a juya rumfar yadda dogon gefenta zai fuskanci can, sai sahu ya miƙe ba tare da an karkace an ɓata rabin wurin ba.

Ƙasa da turke

Turken babbar rumfa ƙarfe ne mai tsawon kusan ƙafa uku, wani ya fi haka, kuma kusan dukkansa ake bugawa cikin ƙasa. A unguwannin nan wayar lantarki, bututun gas, na ruwa da wayar intanet da yawa a binne suke. Dokar jihar ta ce kafin a huda ƙasa a kira lambar 811, da aƙalla cikakkun ranakun aiki uku, kuma kyauta ne. Za a zo a yi alama da fenti ko 'yan tutoci: ja lantarki, rawaya gas, shuɗi ruwan sha, ruwan lemo wayoyin sadarwa, kore magudanar ƙazanta. A lura, layukan kamfanoni kaɗai suke nunawa. Bututun ban ruwan ciyawa, ko wayar da mai gida ya ja da kansa zuwa ɗakin ajiya na bayan gida, mai gidan ne zai nuna. A ɗaga kai kuma a duba sama, kada a ɗaga ginshiƙin ƙarfe kusa da wayar lantarki.

Ƙasar wannan yanki jar laka ce. Idan ta bushe kamar dutse take, guduma sai ta yi da gaske. Idan ta sha ruwan kwana biyu sai ta yi laushi ta saki turke, don haka rumfar da aka kafa ranar Alhamis a sake zagaya ta ranar Asabar da safe a ja kowace igiya a gani. Kuma jar lakar nan ba ta fita daga farar shadda. Idan an yi ruwa, a shimfiɗa tamfol ko katako a hanyar shiga tun kafin iyayenmu mata su iso.

Iska da hadari

Rumfa ba nauyinta ke kayar da ita ba, iska ce take shiga ƙarƙashinta ta ɗaga ta. Na taɓa gani da idona a wani suna: ƙaramar rumfa ce, aka ɗaure ƙafafunta da galan-galan na ruwa, ana cikin rabon waina iska ɗaya ta zo ta ɗauke ta ta kifa a kan motar maƙwabci. Allah Ya kiyaye ba ta sami yaro ba, amma kuɗin gyaran motar ya fi kuɗin ragon sunan. Ƙaramar rumfa tana son nauyin fam 40 a kowace ƙafa, wajen kilo 18, a ɗaure shi a jikin ƙafar. Babbar kuwa a bar wa kamfanin su kafa, kada wani ya ce ai ya saba yi a Kumasi. Kada kuma a cire igiya ko turke ɗaya don ya tare hanya.

A watan Yuli zafin rana yakan kai wajen digiri 31 a ma'aunin Salshiyos, ga gumi mai nauyi, kuma hadarin bazarar nan da yamma yake haɗuwa, daidai lokacin da muke cewa taro ya yi daɗi. Rumfa ba ta kare mutum daga aradu, ƙarfenta ma haɗari ne. Ƙa'idar hukumar yanayi ta ƙasa ita ce da an ji tsawa a shiga gini ko mota, kuma kada a fito sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba. Saboda haka tun kafin ranar a san ginin da za a gudu, a kuma ba mutum ɗaya aikin duba yanayi a waya, a ba shi ikon karɓar lasifika ya ce a tashi ko da Alhaji ne yake jawabi. Lokacin manyan guguwar teku daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma ko da muna nesa da teku ragowarsu tana iso mu: a Oktoban 2018 guguwar Michael ta kayar da itatuwa ta ɗauke wuta a garin nan na kwanaki. A 15 ga Afrilun shekarar ma wata guguwa mai juyawa ta ratsa gabashin Greensboro ta lalata gidaje da makarantun firamare uku. Watannin da suka fi daɗin rumfa su ne Mayu, ƙarshen Satumba da Oktoba. Farkon Afrilu yana da kyau, sai dai garin furen itatuwa mai launin rawaya yana rufe kujeru, sai an goge da safe.

Wuta, da ɓangaren mata

Nan nake so a karanta da natsuwa. Don sutura, mun saba mu sa a rufe ɓangaren mata da bangon tamfol ta kowane gefe, a bar ƙofa ɗaya. A nan ne kuma yara suke, nan tukwane suke, nan ake kunna turaren wuta, nan aka rataya labule da ƙyallayen ado. A 15 ga Agusta 2009, a garin Jahra na ƙasar Kuwait, an cinna wa tantin mata wuta ana tsakiyar bikin aure. Ƙofa ɗaya gare shi. Cikin 'yan mintoci ya cinye, mata da yara 57 suka rasu, da yawa a turmutsitsin neman fita. Alhazanmu kuma sun san labarin gobarar Mina ta 1997, wadda ta ci rayuka fiye da 300, kuma bayanta ne aka sauya tantunan Mina zuwa waɗanda wuta ba ta kamawa da sauƙi.

Sutura da hanyar fita ba sa karo da juna. Tantin da aka rufe ya kasance da aƙalla ƙofa biyu, nesa da juna, kuma kada a tare su da teburi, kula ko keken jarirai. Idan ana gudun a hango ciki, a kafa labule a waje, ɗan nesa da ƙofar, yadda ido ba ya shiga amma mutum yana fita a guje. Tamfol ɗin haya nagari yana da tambari a ɗinke a jikinsa da ke nuna ya cika ƙa'idar jure wuta da ake kira NFPA 701, a nemi a gani. Wannan tambari bai shafi labulen da mai ado ta rataya ba. Girki mai tartsatsi ko tururin mai, kamar suyar ƙosai, tsire da babbar tukunyar wake da shinkafa, a yi shi ƙafa 20 nesa da inda mutane suke. Janareta ma ƙafa 20, a sarari, domin hayaƙinsa yana da guba marar wari da take kisa a rufaffen wuri. Kaskon turare a zagaya da shi a fitar, kada a ajiye a ƙarƙashin teburi. A ajiye tukunyar kashe gobara inda kowa ke gani, kuma a nuna wa alwanka ko wata babba a cikin mata yadda ake zare ƙusarta, domin matasan da suka iya suna can ɓangaren maza.

Izini da maƙwabta

Babbar rumfa, musamman wadda aka rufe gefenta, tana buƙatar izini daga ofishin kula da gobara na birni, kuma jami'i yakan zo ya duba kafin taro. A tambayi kamfanin haya tun ranar jinga ko girman da aka zaɓa ya shiga wannan doka, da kuma wanda zai nemo takardar, su ko mai biki. A wuraren shaƙatawa na birni, kamar Barber Park, Hester Park da Country Park, akwai rumfunan dindindin masu teburi da ake kamawa ta sashen kula da wuraren shaƙatawa, kuma kafa taka rumfar a can sai da yardarsu. Hagan-Stone Park da Bur-Mil Park na gunduma ne, ofishinsu daban. Tare titi irin na Nima ba a yin sa sai da izinin birni. Mai zama a gidan haya na bene ya tambayi ofishin gidajen, mai gidan kansa kuma ya duba dokar ƙungiyar masu gidajen unguwarsu idan akwai. Tun da ana maganar takardu, lasisin aure na hukuma a ofishin rajista na gundumar Guilford ake karɓa, kuma kwana 60 yake aiki.

Maƙwabci kuwa ba takarda yake so ba. A ƙwanƙwasa masa ƙofa mako guda kafin ranar, a gaya masa lokacin farawa da na tashi, a ba shi lambar wanda zai kira idan an tare masa hanyar mota. Ranar biki a kai masa faranti. Lasifika a juya ta ta fuskanci gidan biki, kuma a rage ta da dare ya yi.

Jinga da kwancewa

A kama rumfa da wuri, musamman ta Mayu da Yuni, lokacin da Turawa ma suke aurensu ɗalibai kuma suke bikin kammala karatu. Kafin a ba da kafin alƙalami a karanta takardar: kafawa da kwancewa suna cikin kuɗin ko daban ne, nawa ne bangon gefe, fitilu da fanka, me zai faru idan hadari ya sa an ɗage, wa zai biya idan tamfol ya yage. A ɗauki hoton rumfar da kujerun ranar da aka kawo. Kada a manna ado da salatif mai ƙarfi ko a huda tamfol da allura, kuma takardar ado mai launi idan ta jiƙe tana rina farin tamfol, duk ana cajinsu.

A rubuta sunan matasan da za su tsaya bayan taro tun kafin ranar, domin masu kafawa ba a rasa su, masu kwashewa ne suke ɓacewa da an raba abinci. Kujeru a ƙirga su da dare a jera goma-goma a ƙarƙashin rumfar, a tsince shara, a kashe janareta a bar shi ya huce kafin a ɗauka. Idan ƙaramar rumfar ta ƙungiya ce, kada a naɗe ta da danshi, tana yin fumfuna cikin kwana biyu. A shanya ta washegari, sannan a mayar da ita jakarta tare da turakunta guda huɗu.